Esi Na Cinye Mini Katin Wuta

Tambaya: Malam, esin ɗakina ta rage sanyi, ga katin mita na ƙarewa da wuri. Mai gyara ya ce gas ne ya ƙare. Haka ne?
Wata uwargida, Kano

Amsa: Hajiya, kar ki yi saurin biya. Gas ba ya ƙarewa sai in bututu na yoyo, kuma sai an toshe ɓular kafin a ƙara. Ni dai ƙurar hunturu nake zargi. Ki kashe wutar, ki ɗaga murfin gaba, ki zaro ragar da ke tace ƙura ki wanke da ruwa, ta bushe a inuwa. Duk mako biyu. Injin waje ma a kakkaɓe shi. Sannan ki bar esin a digiri 24. Sa 16 ba ya hanzarta sanyi, hana kwamfaresa, wato injin da ke matsa gas ɗin, hutu kawai yake yi.