Tambaya da Amsa: In bar attaruguna ya kai wata daminar?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ina da attarugu guda 6 a bokitai a bayan ɗaki, da damina sun yi 'ya'ya har maƙwabta na riƙa ba, to yanzu sanyi ya shigo ganyen sai zuba yake, maigida ya ce in tuge kawai in sa sabon iri. Wai in na bar su za su ƙara yi kuwa?
Daga wata uwargida a Samaru, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki dakata da tugewar tukuna. Attarugu ba gero ba ne da ake girbewa shi kenan, ɗan itace ne, in ya samu kula yana kai shekara 2 har 3, rani ne ke kashe mana shi.

Ki samu almakashi mai kaifi ki rage rassan sosai, ki bar inda ya rabu biyu kamar gwafa da ido (wato gaɓar da sabon toho ke fitowa) biyu ko uku a kowane reshe, zai yi muni kamar an yi wa yaro ƙwal kwabo amma kar ki damu. Ki matsar da bokitan jikin katanga saboda iskar hunturu, taki kuwa a'a, ruwa sai kin taɓa ƙasar kin ji ta bushe, don yawanci tausayi ne ke kashe shi, a yi ta kwarara ruwa har saiwar ta ruɓe.

Ni dai zafin Maris da Afrilu na fi ji masa tsoro a kan sanyin. In zafi ya haura digiri 35 fure zubewa yake, sai ki kai shi inda inuwa ke samunsa da rana tsaka ki rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa. Ruwa na sauka ki kwashe ƙasar sama ki zuba takin akuya da ya ruɓe, za ki ga ya riga sabon dashe fure da makonni tunda saiwarsa ta riga ta kafu, sau da yawa ma ya fi bara 'ya'ya. A shekara ta 3 ne yake fara ja da baya.

Amma fa maigida ma bai yi ƙarya ba. Duk wanda kika ga ganyensa ya nannaɗe ko ya yi dabbare-dabbaren rawaya, ko farin ƙuda (ƙananan ƙwari farare masu yaɗa cuta) ya cika ƙarƙashin ganyen, tuge shi ki ƙona, cutar ba ta warkewa kuma sai ta bi sauran. Shi ya sa masu manyan gonaki suke sake iri duk shekara. Ki zaɓi masu lafiya ko da 3 ne ki riƙe.