Ƙananan ƙudaje sun addabi naman kazata da renon tumatir: in fesa fiya-fiya?

Tambaya: Malam, ina noman naman kaza a leda a wani ɗaki da ke bayan gidana a Jos, ina kuma renon tumatir da kabeji. Tun da damina ta kankama, wasu baƙaƙen ƙudaje masu kama da sauro suka cika ɗakin, dashen kuma yana faɗuwa. Mai shagon magani ya ce in fesa fiya-fiya. Hankalina ya tashi, jarina ke nan.

Amsa: Hajiya, don Allah ajiye kwalbar nan. Ƙudan da kike gani yana shawagi ba shi ke cin shuka ba, kwana bakwai zuwa goma ya mutu. Ɓarnar ta tsutsarsa ce, fara mai baƙin kai, wadda ke cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana cin ƙananan saiwoyi, a leda kuma tana cinye farin zaren da ke haifar da naman kaza. Mace ɗaya kan zuba ƙwai sama da 100, cikin mako uku zuwa huɗu sun zama manya.

To me fiya-fiya zai yi? Ya kashe na sama, na ƙasa su ƙyanƙyashe, ki sake fesawa. Sinadarin dichlorvos ke cikinsa, guba mai kama jijiyoyi, tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi. Naman kaza ba shi da ɓawo, tsotse abu yake yi, kuma kwana kaɗan ake cire shi a kai tukunyar mutane. Wanki ba ya ba da tabbacin fitar da gubar. Ga ki a rufaffen ɗaki kina shaƙa, ga yara a tsakar gida. Kullum sai na ji wannan shawara daga masu shago da ba su taɓa karanta bayan kwalba ba, abin yana ƙona mini rai. Amana ce fa, ciyar da mutane kike yi.

Ki rage ban ruwa, saman ƙasar reno ya bushe kafin ki ƙara. Sanyin Jos a Agusta ba ya bari ƙasa ta tsane da wuri. Ki kifa yankan dankalin Turawa a kan ƙasa kwana biyu, in akwai tsutsa za ki gan ta a ƙarƙashi. Tagogi a sa raga mai ƙananan ido, a rataya kwali ruwan ɗorawa mai gam. Ledar da ta kamu a fitar da ita nesa, sabuwar dusar katako kuma a turara ta sosai kafin a zuba iri.