Ga 'yar uwar da ta tambaya kan wasan motsa jiki na Ring Fit

Salam 'yar uwa. Wallahi da na karanta tambayarki, wai ki sayi Ring Fit ɗin nan na na'urar wasan bidiyo ta Nintendo Switch ko zai rage miki ƙiba ya sauke suga, sai da gabana ya faɗi, don nima ta nan na bi.

Lokacin kullen korona ne a 2020, likita ya ce sugana ya hau, ga ba halin fita. Wata mai saida kaya a WhatsApp ta dinga turo min bidiyo, wai cikin wata ɗaya tumbi ya tafi, har ta rantse min wasu sun ajiye magani saboda shi. Na saida awarwarona na saya, ta tsauwala min kuɗi, ni kuma na yarda da ita na fara tsallake ƙwayoyina. Ranar da jiri ya kwashe ni a kicin aka kai ni asibiti, nas ta auna ta kalle ni ta sake aunawa, ta ce Hajiya yau ba inda za ki. Kwana uku ina kwance ana min ƙarin ruwa, autata na kuka a bakin gado, maigida bai ce min uffan ba, shirun nan nasa ya fi min faɗa ciwo. Na kira matar nan ta ce ai ita ba likita ba ce, ta toshe lambata. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa, na bar ta da Allah.

Shi wasan kansa ana gumi fa, cinyoyi su yi tsami kamar kin wuni kina daka. Amma lambar kalori da yake nunawa ƙiyasi ce, ni in na gan ta sai in ƙara malmalar tuwo. Kuma ɗoki ne, sati uku ya wuce, ga ɗauke wuta, ga yara sun ƙwace. Ko a Amurka an gwada, binciken da aka fitar a 2012 a Houston, an ba yara Wii, wata na'urar wasan ta Nintendo, wasu da wasannin motsa jiki wasu da na zama, a ƙarshe motsinsu bai bambanta ba. Masu tallar ba za su faɗa miki wannan ba.

Dan Allah kar ki taɓa maganinki ko wa ya ce miki. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a sati ta ce, rabin awa kwana biyar kenan, ni yanzu bayan asuba nake zagaya layinmu da maƙwabciyata. Lemon kwalba kuma ki rabu da shi, musamman a gidan biki inda ake tura miki kina jin kunyar ƙi. In ranki na son wasan ki ara wajen wani ki gwada wata guda kafin ki fidda kuɗinki. Nawa sugarki yake kaiwa da safe kafin ki karya?