Ƙa'idar da Ba a Faɗa wa Baƙo Ba

Ɗana, jiya bayan mun tashi daga aiki ka tambaye ni ko dole ne ka sanar da masu buga wasan harbin da kake ginawa cewa harsashin wanda ke gudu ba ya tafiya inda ya saita, ko kuwa ka ƙyale su su gano da kansu, tunda a ganinka daɗin wasa yana cikin ganowa, kuma manyan wasannin duniya ma ba komai suke bayyanawa ba. Na ce zan rubuto maka amsa, domin maganar ta fi ƙarfin a yi ta a tsaye a bakin ƙofa. Amsata ita ce ka sanar da su, amma ina so ka riƙe dalilin, saboda wata rana za ka ƙirƙiro wata ƙa'idar ba na kusa.

Na san inda ka samo wannan ra'ayi, kuma ba ka yi ƙarya ba. Counter-Strike, wanda Minh Le da Jess Cliffe suka gina a kan wasan Half-Life a shekarar 1999, cike yake da ƙa'idojin da ya daɗe ba ya faɗa wa kowa. Wanda ya yi harbi yana tafiya, harsashinsa yakan kauce. Wanda ya danne kunamar AK-47 bai saki ba, harsasai 30 ɗin da ke ciki sukan haura sama sannan su karkata hagu da dama bisa wani tsari da ba ya canzawa, don haka tsohon hannu yakan ja linzamin kwamfutarsa ƙasa ya biyo tsarin. Akwai kuma lissafin kuɗi: kowa yana farawa da dala 800 na kuɗin cikin wasa, ita bindigar kuwa dala 2700 ce, sannan kuɗin da ake bai wa waɗanda aka cinye yana hawa daga 1400, ana ƙara 500 a kowane karo har ya kai 3400, shi ya sa ƙwararru sukan haƙura da sayayya a wani zagaye domin su sayi makamai tare a na gaba. Wasan ya yi suna duk da wannan shirun. Amma waɗanda kake gani suna buga shi a yau su ne waɗanda suka jure, ko suka sami wanda ya raɗa musu. Waɗanda suka goge shi a makon farko ba sa zuwa su ba ka labari. Ko kamfanin Valve mai wasan da kansa, da ya fitar da Counter-Strike 2 a 2023, ya sa zaɓin da alamar saiti za ta riƙa bin hawan bindiga, ya kuma ba da damar mayar da abin da aka saya bisa kuskure kafin zagaye ya fara.

Abin da ya sauya mini tunani na gan shi ne da idona, lokacin da muke gwada wani wasa da muka gina kafin zuwanka. Na zauna a bayan wani yaro da bai taɓa buga shi ba. Shi ya fara hango abokin gabansa, ya saita a kan ƙirjinsa, ya zazzage masa harsasai yana tafe a guje, sai wancan ya tsaya cak ya harba sau biyu, yaron ya faɗi. Ya waiwayo ya ce mini wannan magudi yake yi. Da abin ya sake faruwa, sai ya duba saman wayar ya ce netwok ne. A karo na huɗu ko na biyar bai ɗora wa kowa laifi ba, ya ajiye wayar a kan benci ya ce shi dama bai iya irin waɗannan wasannin ba. Duk bayanan nan uku kuskure ne, kuma babu ɗaya a cikinsu da zai sa ya gyara abin da yake yi. Mutumin da aka cinye ya kuma san dalili, hannunsa ƙaiƙayi yake yi ya sake gwadawa. Wanda aka cinye bai san dalili ba, ko dai ya zargi mutane, ko ya zargi na'ura, ko ya raina kansa, kuma ƙarshen kowanne barin wasan ne.

A wajenmu lamarin ya fi tsanani saboda zargin netwok yana da tushe. Yawancin sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da waɗannan wasanni, suna Turai ko Afirka ta Kudu, saƙo yana ɗaukar lokaci kafin ya je ya dawo, har mutum yakan ga an harbe shi bayan ya riga ya shige bayan bango. Saboda haka duk wata ƙa'ida da ka ɓoye za ta laɓe ne a bayan netwok, kuma ɗan wasanmu ba zai taɓa zuwa nemanta ba, domin yana da amsar da ta gamsar da shi. Ka tuna kuma da kuɗinsa ya sayi datar da yake ƙonawa a wannan rashin fahimtar.

Ka dubi yadda ake koyon dara a gindin bishiya. Babu wanda ke karanta wa yaro dokoki, amma ramukan da 'ya'yan darar duk a ƙasa suke, yana ganin hannun kowa, kuma idan ya jera huɗu yana zaton ya ci, nan take 'yan kallo za su gaya masa uku ake jerawa. Haka a shagon gem na unguwa, wanda ake zura wa ƙwallo yana iya sauke ido ya ga yadda yatsun abokin karawarsa ke tafiya a kan maɓallai. A intanet babu hannun da za a kalla, babu 'yan kallon da za su gyara maka. Sakamako kawai ake gani. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, to a nan mu da muka gina garin mu kaɗai ne za mu iya riƙe masa sanda.

Ban ce ka kashe ganowa ba, sai dai ka san cewa iri biyu ce. A Quake na 1996 'yan wasa sun gano cewa idan suka harba roka a ƙarƙashin ƙafarsu suna tsalle, fashewar za ta cilla su inda tsalle kaɗai ba ya kaiwa. Wannan ganowa ce mai kyau, domin kowa yana ganin fashewa tana tura abin da ke kusa da ita, mai zurfin tunani ne kawai ya haɗa abu biyu da suke a fili. Kwatanta shi da Dota 2, inda aka yarda ka kashe ƙananan sojojin ɓangarenka da hannunka idan ransu ya sauka ƙasa da rabi, domin ka hana abokin gaba kuɗin da zai samu ka kuma rage masa makin ƙwarewa. Wane mai hankali ne zai zauna ya yi tunanin sarar nasa? Sabon shiga zai ga dai abokin gabansa ya fi shi ƙarfi bayan minti goma, bai san ta inda aka yi masa illa ba. Kamfanin Riot, da ya fitar da League of Legends, wasa mai kama da shi, a 2009, bai sa wannan ƙa'ida ba kwata-kwata. Ni ban ga laifin ƙa'idar ba, tana ƙara wa wasan armashi. Shirun da ake yi a kanta ne nake ƙi.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi. Ina tambayar kaina ko mai lura zai iya fahimtar ƙa'idar daga abin da ya gani a allo. Idan zai iya, sai in bar masa daɗin ganowa. Idan ba zai iya ba, faɗa masa haƙƙinsa ne. Sannan ina tambayar ko faɗin zai rage wa tsofaffin hannu wani abu. A batunka ba zai rage ba, domin sanin cewa a tsaya kafin a harba jimla ɗaya ce, amma iya tsayawa a daidai lokacin, ana harbinka kuma zuciyarka na bugawa, aikin watanni ne. Duk ƙa'idar da amfaninta ke ƙarewa da zarar an faɗe ta, dama can ba gwaninta take aunawa ba, tana auna wanda ya riga wani zuwa ne kawai.

Akwai kuma abin da shirun ke haifarwa tsakanin mutane. A wasan biyar da biyar, rashin sanin mutum ɗaya asarar mutum huɗu ne, kuma su huɗun sun manta cewa su ma wani ne ya koya musu, don haka sukan ɗauki kuskurensa a matsayin ganganci su rufe shi da zagi. Idan ya ce zai nemi sani, sai ya tarar ilimin yana YouTube, galibi da Turanci, kuma kallonsa na cin data. Ka lura da yaran da ke buga Free Fire, wanda Garena ta fitar a 2017: dabarar jan maɓallin harbi sama domin harsashi ya sami kai daga baki zuwa baki take yawo, wanda ke da yaya ko aboki a ciki ya samu, wanda ba shi da kowa ya zama abincin sauran.

Yadda za ka faɗa shi ne inda aikin yake. Kada ka tara rubutu a farkon wasa, babu mai karantawa, kuma wanda bai taɓa faɗuwa ba bai san amfanin abin da ake gaya masa ba. Sa alamar saiti ta buɗe idan ɗan wasa yana gudu, ta tsuke idan ya tsaya, har ido ya koya kafin a yi magana. Idan aka kashe shi, nuna masa yadda abin ya faru ta idon wanda ya harbe shi, kamar yadda Call of Duty ke yi, ka ƙara layi ɗaya da Hausa da ke cewa yawancin harsasansa sun kauce domin yana tafiya. A wannan daƙiƙar ce kunnensa yake buɗe. Ka yi hattara kuma da dabarar cika wasannin farko da 'yan wasan bogi da kwamfuta ke sarrafawa, irin yadda PUBG Mobile ke yi wa sababbi. Tana kwantar da hankali, na yarda, amma idan 'yan bogin suna tsayawa a harbe su a guje, to ka koya wa yaro mummunar ɗabi'a ka kuma saka masa da nasara a kanta, ranar da ya haɗu da mutane na gaske faɗuwarsa za ta fi zafi.

Ranar Litinin ka samo mutum uku da ba su taɓa ganin wasan ba, kuma kada su kasance cikin abokanka da kuka saba hira a kansa. Ka zauna a bayansu, ka kame bakinka ko da ka ga suna kuskuren da kalma ɗaya za ta gyara. Duk sanda aka kashe ɗayansu, ka tambaye shi me yake ganin ya kashe shi, ka rubuta amsarsa yadda ya faɗe ta, a gefe kuma ka rubuta ainihin dalilin. Ka kawo mini takardar da yamma, mu bi wuraren da amsoshin biyu suka saɓa ɗaya bayan ɗaya, mu fara gyara daga wanda ya fi maimaituwa.