Hajiya, kar ki sake biyan kuɗin buga sitika sai kin gwada QR ɗin da hannunki

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi ya sa albarka a sana'a. Na karanta saƙonki kuma wallahi na ji miki ciwon abin, don kuɗin bugu ba ƙaramin kuɗi bane a wannan lokacin. Kin ce kina sayar da turaren wuta da humra daga gida a Kano, kin bada an buga miki sitika dubu biyu na jikin kwalabe da banna ɗaya ta ƙofar gida, mai dizayin ya sa miki QR a jiki, wato ɗan akwatin nan mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa da kyamarar waya, don kwastoma su haska su shigo WhatsApp ɗinki. Tun farko wasu wayoyin suna kamawa wasu basa kamawa, yanzu kuma ya tsaya gaba ɗaya, duk wanda ya haska sai wani shafin turanci ya buɗe yana cewa a biya kuɗi. Kina tambaya ki biya ne ko ki zubar ki sake bugawa, a ƙarshe kuma kin tambayi yadda ake yin QR na karɓar kuɗi.

To matsala biyu ce ta haɗe miki, bari mu fara da wadda ta fi cin kuɗi.

QR iri biyu ne. Akwai wanda bayaninki yake rubuce a cikin ɗigo-ɗigon nan kansu, shi wannan babu mai iya kashe shi, yadda aka buga shi haka zai zauna har takardar ta yage. Akwai kuma wanda in an haska sai ya fara biyawa ta shafin kamfanin da aka haɗa shi, sannan su su tura mutum wajenki. Wannan na biyun shi mai dizayin ɗinki ya ɗauko, kuma ga dukkan alamu a kan gwajin kyauta ya yi shi, irin wanda suke bayarwa na 'yan kwanaki, kwanakin na cika sai su rufe hanya su ce a biya duk wata ko duk shekara, galibi ma da dala. Kinga kenan kwastomanki sai sun bi ta zauren wani kafin su iso gidanki, kuma mukullin zauren yana hannunsa. Ban ce yaron ya cuce ki da gangan ba, da yawansu basu ma san bambancin ba, shafin da ya fara fito musu a Google shi suke dannawa.

Ni dai shawarata kar ki biya. In kin biya bana sai kin biya baɗi, kuma duk ranar da kika fasa, kwalaben da suke ɗakunan mutane sun zama kurame. Haka kuma kar ki zubar da sitikokin da suka rage, sunanki da hotonki da komai na jiki lafiyarsu ƙalau. Ki sa a buga miki ƙaramar sitika mai kusurwa huɗu, farin fili da sabon QR kawai, ki riƙa liƙawa a kan tsohon. Ki tambayi mai bugu kuɗin wannan ki gwada shi da kuɗin shekara ɗaya na kamfanin nan, lissafin da kansa zai nuna miki.

Sabon kuma ga yadda za a yi shi. WhatsApp suna da gajeren adireshi na kowace lamba, wa.me sai karan tsaye mai jirge sai 234 sai lambarki ba tare da sifilin farko ba. Wannan adireshin za a mayar QR irin na farko wanda baya mutuwa, kuma kyauta ake yi. In an gama ki haska ki duba abin da ya fito a fuskar waya kafin ki danna, in kinga wa.me da lambarki to shikenan, in kinga sunan wani shafi daban to an koma gidan jiya. WhatsApp Business ma yana bada nasa QR ɗin a ciki kuma yana aiki, sai dai akwai wajen da ake sabunta shi, in yaro ya ɗau wayar ya taɓa wajen to tsohon ya tashi aiki, shi yasa na fi son na wa.me ga abin da za a buga da yawa. Abu ɗaya da zan roƙe ki, lambar ta zama layinki ne da aka yi rijistarsa da NIN ɗinki, ba na yarinyar da take tayaki aiki ko na ƙaninki ba, don irin wannan QR ɗin ba a canja abin da ke cikinsa bayan an buga.

Yanzu sai maganar da yasa tun farko wasu wayoyin basa kamawa, nan kuma na fi son ki nutsu don ko an gyara na sama in ba a gyara wannan ba asarar tana nan.

Na duba hoton kwalbar da kika turo. QR ɗin ruwan gwal ne mai sheƙi a kan fili ruwan ƙasa mai duhu, an zagaye shi da furanni har suna taɓa gefensa, ga tambarinki a tsakiya ya cinye waje mai yawa, kuma duka-duka bai fi farcen babban yatsa ba. A ido yayi kyau, ba ƙarya, amma kyamara ba kyau take nema ba. Abin nan wani kamfanin Japan mai suna Denso Wave ne ya ƙirƙiro shi a 1994 don bin diddigin kayan gyaran mota a masana'anta, na'ura aka yi wa shi, abin da take so kawai baƙi a kan fari. Ki duba kusurwoyi uku zaki ga manyan akwatuna guda uku, da su waya take gane inda QR ya fara da inda ya ƙare, kuma dole a bar farin fili a zagaye da shi ta ko'ina, aƙalla faɗin ƙananan ɗigon nan guda 4. Furannin nan sun cinye filin. In kina son kala to ki zaɓi mai duhu sosai kamar shuɗi mai duhu ko kore mai duhu a kan fari ko ruwan madara, amma gwal da azurfa da duk wani abu mai ɗaukar ido ki barsu a wajen suna da ado.

Girma kuwa, a takarda shimfiɗaɗɗiya kar ya gaza santimita 2 ta kowane gefe, ni na fi son 2.5 ko 3 saboda wayoyin yawancin kwastomominmu Itel ne da Tecno masu sauƙin kuɗi, kyamarar bata gani da kyau in an matso da ita kusa sosai. Kwalba kuma zagayayya ce, in siririya ce irin ta humra QR ɗin zai lanƙwashe gefensa ya ɓuya, to gara ki sa shi a saman murfi in yana da faɗi, ko a jikin kwali, ko ɗan kati da zaki ɗaura da zare a wuyan kwalbar. Kuma ki tuna humra tana da maiƙo, in ta zubo a kan takarda tawada na iya dagulewa, ki ce a miki sitika mai rufin leda amma marar sheƙi.

Bannar ƙofar gida lissafinta daban. Ƙa'idar da ake bi ita ce faɗin QR ya kai kashi ɗaya cikin goma na nisan da mutum zai tsaya, in daga mita 2 za a haska to santimita 20 kenan, in mita 3 ne 30. Ki kafa ta daidai ƙirjin mutum zuwa fuskarsa, a ɗaure ta ta miƙe sosai don in iska na kaɗa ta ba abin da zai kamu.

Tambari a tsakiya ana iya sawa. QR yana da matakai huɗu na jure lalacewa, mafi ƙanƙanta kusan kashi 7 cikin ɗari, mafi girma da ake kira H kusan kashi 30, in za a sa tambari sai a zaɓi H ɗin kuma tambarin ya zama ƙarami. Amma a 'yar sitika ni da zaki ji tawa ki haƙura da shi, sunanki ai yana sama.

Wani wajen da ake yawan lalata aiki shine wajen turawa. Mai dizayin ya ɗau hoton fuskar waya ya tura ta WhatsApp a matsayin hoto, WhatsApp ya matse shi, mai bugu ya ja shi ya ƙara girma, gefen ɗigon duk ya dushe. Ki ce ya sauke shi a nau'in fayil ɗin da ake kira SVG ko PDF, su ko an buɗa su girman bango basa dushewa, in kuma nau'in hoton da ake kira PNG ne ya zama babba kuma a tura shi a matsayin fayil. Kuma kar a ja shi ta gefe ɗaya don ya cike gurbi, tsawo da faɗi su zama ɗaya.

Sai babbar maganar, dan Allah Hajiya kar ki biya cikon kuɗi kuma kar ki ce a buga duka sai an fitar miki da guda ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita. Ki liƙa a kwalba, ki haska da wayarki, ki karɓi ta maƙwabciya, ki nemo mafi tsufar waya a gidan mai fasasshen gilashi ita ma ki gwada, a tsakar gida da rana, a ɗaki da daddare da hasken fitilar caji. Wasu wayoyin kyamararsu bata karantawa kai tsaye sai ta wata manhaja kamar Google Lens, wannan ba laifin bugu bane, amma in waya ta gwada ta hanyar da ta dace ta kasa to a gyara kafin inji ya tashi. Mai bugun da ya ƙi yi miki gwaji ɗaya ki nemi wani.

A ƙarƙashin QR ɗin ki rubuta abin da mutum zai samu da Hausa, kamar "Haska nan ki ga farashi ki yi oda", sannan lambar wayarki a rubuce ɓaro-ɓaro, don akwai hajiyoyi da yawa da har gobe kira suka sani, wata kuma data ce ta ƙare mata. Ki kuma shirya jerin kayanki da farashi a WhatsApp Business da saƙon maraba kafin sitikar ta fita.

QR na karɓar kuɗi da kika tambaya a ƙarshe, wannan kar ki haɗa shi da kanki a intanet, ta bankinki zaki nema, akwai tsarin biyan kuɗi da QR mai suna NQR da NIBSS, kamfanin da yake haɗa hada-hadar kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, suka fito da shi a 2021. In kin liƙa shi a waje ki riƙa shafa shi da yatsa lokaci-lokaci kina haskawa ki ga sunanki ne yake fitowa, don ɓata-gari kan liƙa nasu a kan na mutane. In an fitar miki da gwajin sabuwar sitikar ki turo min hotonta a jikin kwalba kafin ki bada izinin bugawa.