Amsa: Sai na iya zane da hannu kafin in shiga infografi?

Ɗan'uwa ka tambaya ko dole sai ka iya zane da fensir kafin ka shiga BTS na infografi, wato karatun diploma na zane da kwamfuta, a'a ba dole ba ne wallahi, shekara 2 ce bayan bak (jarrabawar gama sakandare) kuma a hankali hannu zai faɗa. Abin da ke wahalar da ɗalibai shi ne launi da tsara rubutu. Allon kwamfuta RGB yake nunawa, wato launukan haske ja, kore da shuɗi, injin bugawa kuma CMYK, wato launukan tawada huɗu, shi ya sa za ka haɗa katin biki ja mai kyau ka kai wajen masu bugawa a Garwa ya fito maka wani iri. Hoton bugawa ka sa shi 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. Tambari kuma a manhajar zane ta Illustrator ake yinsa don ko an faɗaɗa ba ya fashewa, in kuɗin lasisi ya yi maka yawa ka fara da Inkscape, kyauta ne.