Tambaya da Amsa: Shin mai ƙaramar sana'a yana buƙatar akanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ce, ina da kekunan ɗinki uku da ma'aikata biyu. Aiki yana shigowa ba laifi, amma duk ƙarshen wata sai in rasa inda kuɗin suka maƙale. Ƙawata ta ba ni shawarar in nemi akanta mai zaman kansa, ni kuwa a ganina manyan kamfanoni ne ke buƙatarsa. Me zai yi mini wanda ba zan iya yi da kaina ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ina goyon bayan shawarar ƙawarki, domin abin da kika bayyana shi ne ciwon da ke durƙusar da ƙananan sana'o'i ba tare da masu su sun ankara ba, wato ɗaukar ciniki a matsayin riba. Kuɗin da kika samu a aljihun tebur da yamma ba naki ba ne duka. A cikinsu akwai kuɗin yadi da zare, akwai haƙƙin ma'aikata, akwai haya da wuta, akwai kuma kafin alƙalamin ɗinkin da ba ki ko yanka ba tukuna. Wanda ya ci daga nan ba lissafi, uwar kuɗi yake ci alhali yana zaton riba ce.

Aikin farko da akanta zai yi miki shi ne raba kuɗin sana'a da na cefanen gida, ya yanka miki albashi kamar kowane ma'aikaci. Daga nan zai tattara rasit da littafin shige da fice, ya gwada su da bayanan asusunki na banki, yana rubuta kowace mu'amala sau biyu: inda kuɗin suka fito da inda suka tafi. Wannan tsari daɗaɗɗe ne, tun a 1494 masanin lissafi Luca Pacioli ya yi bayaninsa a birnin Venis na ƙasar Italiya, kuma amfaninsa shi ne kuskure ba ya samun wurin ɓuya cikin sauƙi.

Akwai kuma asarar da ido ba ya gani. Idan kekenki zai yi shekara 5 yana aiki kafin ya gaji, to kowace shekara kashi 20 cikin 100 na kuɗinsa suna tafiya, kuma akanta zai cire wannan kafin ya ce miki ga ribarki, don kada ranar sauya keken ta riske ki hannu rabbana. Shi ne kuma zai shirya takardun haraji da bayanan da banki ke nema kafin ya ba da rance.

Ba sai kin ɗauke shi aikin dindindin ba. Zama ɗaya a wata ya wadatar. Sai dai ki tabbatar yana da rajista da ƙungiyar ƙwararrun akantoci, ku rubuta yarjejeniyar aikin da ladansa, kuma kada ki ba shi ikon cire kuɗi daga asusunki. Rubuta cinikin yau da kullum yana nan a wuyanki, domin abin da ba ki rubuta ba, ba zai iya lissafa shi ba.

Tambaya: Ni ma'aikacin albashi ne, ana cire mini haraji tun daga wurin aiki, amma ina da gidan da nake karɓar haya. Ina buƙatar akanta?

Amsa: Malam, abin da ake cirewa daga albashi ba ya ɗauke maka nauyin harajin kuɗin hayar. Ka zauna da akanta sau ɗaya a shekara, ɗauke da takardun hayar da rasit na gyare-gyaren gidan, ya duba abin da dokar ƙasarka ta yarda a rage. Ka karanta takardar harajin da ya shirya kafin ka sa hannu, domin kai hukuma za ta tuhuma idan aka samu kuskure.